Ƙirƙirarriyar Basira: Ina Rabon Mai Jin Hausa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi da malamanmu game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya. Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 ake ta cewa ilimi ya shigo hannun kowa, amma mu a Sakkwato mun san cewa ba kowa ne ya samu rabo ba.

Wanda ke son cikakkiyar manhajar sai ya biya dala 20 duk wata, kusan naira 30,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta naira 70,000 ne. Ga tsadar data bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince da shi a 2025, ga kuma wayar da ke yini a shagon mai caji saboda rashin wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Waɗannan manhajoji suna koyo ne daga rubutun da ke intanet, wanda Turanci ya fi rinjaye a cikinsa, Hausa kuwa 'yar kaɗan ce duk da miliyoyin masu magana da ita. Manomin albasa a Goronyo da ke neman yadda zai hana amfaninsa ruɓewa a rumbu, idan ya yi tambaya da Hausa, sau da yawa amsar takan zo masa da gurguwar Hausa mai kama da fassara, idan kuma ya yi Sakkwatanci manhajar takan kasa gane nufinsa. Shi ne ya fi bukatar amsar, kuma shi ne ya fi samun maras inganci.

Ba rubutu muka rasa ba. Wannan gari ya gaji ɗimbin rubuce-rubucen ajami tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wasunsu na ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, wasu kuma a hannun iyalai, gara da danshi suna cin su. Ina kira ga gwamnatin jiha da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da su ware kuɗi, su ɗauki ɗalibanmu aikin kwafe su zuwa kwamfuta, tare da naɗar maganar manoma da 'yan kasuwa bisa yardarsu, sannan a tabbatar ikon mallakar abin da aka tara ya zauna a hannun al'ummar da ta samar da shi.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Sakkwato.