Zuwa ga Iyaye: Batun Zaɓen Kwas na 'Yan Ajin Ƙarshe

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Takardun zaɓen kwas sun fara dawowa, kuma raina bai yi daɗi ba. Yara da dama sun rubuta fasahar injiniyanci, an kai gida an soke da biro, an ɗora likitanci a sama. Wani uba har ofis ya same ni, wai ba zai kashe kuɗin jami'a ɗansa ya fito bakanike ba.

To, a saurara. Karatun fasahar injiniyanci digiri ne cikakke, shekara uku ko huɗu gwargwadon ƙasa. Injiniya ya fi nitsewa cikin lissafi da tsara sabon abu. Mai fasahar injiniyanci kuwa shi ke karɓar zanen ya haɗa, ya gwada, ya gano inda ya ƙi, ya sa shi aiki, don haka zamansa a ɗakin gwaji ya fi yawa. Tun 2001 hukumomin injiniyanci na ƙasashe irin su Birtaniya, Kanada, Ostareliya da Afirka ta Kudu suka ƙulla yarjejeniyar Sydney don amincewa da shaidar wannan karatu a tsakaninsu, Amurka ta shiga a 2009.

Aiki fa? Masana'antu na neman mai saita kwamfutocin da ke tafiyar da injuna. Akwai tashoshin lantarki da na sola, da turakun sadarwa, da gwajin ƙarfin kankare a wurin gini. Shi kansa likitan da kuke buri, ranar da na'urar ɗaukar hoto ta tsaya a asibiti, irin wannan yaron zai zauna jira. Amma kada yaran su ɗauka sun tsira daga lissafi da fiziks. Wanda ya yi sake da su ba zai ga ƙofar shiga ba.

Malamin zanen fasaha, Allah ya saka masa da alheri. Bayan an tashi yakan tsaya da yaran, har wata ɗaliba ta sake naɗa wayar fankar ajinsu da ta ƙone, ga ta nan tana juyawa. Da sauran malamai za su yi koyi, da na huta.

Ku zauna da 'ya'yanku, ku ji ta bakinsu, a dawo da takardun ranar Juma'a. Wadda aka soke aka sake rubutu a kanta ba zan sa mata hannu ba.

Masu makara sun san kansu. Ragowar kuɗin makaranta, ba sai na sake magana ba.

Na gode.
Shugaban Makaranta