Yayana na son ƙona kasetin waƙoƙin Ummanmu

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da ƙoƙarin da kike yi a wannan fili, Allah ya saka da alheri. Daga Gangare nake rubuto miki, cikin garin Jos, kuma don Allah a sakaya sunana.

Yau kwana 53 da rasuwar Ummanmu. Shekara 31 ta yi tana kula da laburaren wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma da wannan albashin, haɗe da saƙar rigunan sanyi da take yi idan hunturu ya kama, ta raine mu mu huɗu bayan rasuwar Babanmu. Tsarinta har dariya yake ba mu. Duk littafin da ke gidanmu da lambarsa a jiki, irin lambobin Dewey na jera littattafan laburare da take bi a wurin aiki, na addinin Musulunci 297, kuma ko ɗan cikinta ne kai, sai ka rubuta sunanka kafin ka ɗauka.

To, Umma kuma mawaƙiya ce. Ta iya shantu, ta iya kiɗan ƙwarya, waƙoƙin ma ita ke tsara abinta. Ba ta taɓa yin wasa a gaban maza ba, ba ta kuma karɓar liƙi. Cikin mata take yi, a suna ko a kamun amarya. Wasu ta ɗauka a kaset da tsohuwar rikodarta. Guda 26 ne, a akwatin ƙarfe, kowanne ta manna masa takarda ta rubuta 780, lambar kiɗa da waƙa.

A rikicin Jos na Satumban 2001 ina da shekara tara. Da aka sa dokar hana fita, tara mu take yi a uwar ɗaka, ta ɗora shantu a cinya tana bugawa a hankali, tana yi mana wata waƙar rarrashi don kada mu ji ƙarar bindiga. Daga baya ta ɗauki waƙar, har da muryar ƙanwata tana amshi da gwarancinta. Anti, wannan kaset ɗin ne ba zan iya rabuwa da shi ba.

Bayan sadakar arba'in Yaya Babba ya tara mu. Littattafan ya ce a kai Islamiyyar unguwa da makarantar da ta yi aiki su zama sadaka mai gudana, kowa ya amince. Kaset kuwa ya ce ƙonawa za a yi, domin kiɗa haramun ne, duk wanda ya saurara alhakin yana bin ta har kabari. Kada ki ɗauka mugu ne. Shi ya yi jinyarta wata bakwai, kuma yana maganar hawaye na zubo masa. Tsoro yake ji mata. Ni kuma na ji malamai sun saɓa a kan waƙar mata tsakaninsu a wurin biki, amma karatuna bai kai in ja da shi ba. Kawu ya ce shi ba ruwansa, mu magada mu daidaita.

Ga inda na yi laifi. Da dare na ɗauke akwatin na kai gidan ƙawata a Rikkos, da Yaya ya tambaya na ce ban gani ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar, kuma tun daga nan barcina ya ƙaurace.

Shin kaset ɗin nan ba ya cikin gado? Idan yana ciki, magaji ɗaya yana da ikon lalata shi ba da yardar saura ba? Idan na ajiye ni kaɗai nake ji, ban sa a Facebook ba, ban tura wa kowa ba, na cuci Umma? Kuma ta yaya zan faɗa wa Yaya gaskiya ba tare da zumunci ya tsinke ba, alhali shi ne ubanmu yanzu?

Zaren kaset ɗin ya fara mannewa, ɗaya ma rikoda ta riga ta tauna shi. Wani yaro a wajen Terminus ya ce zai iya juye su a waya, na ce ya dakata tukuna. Ranar Asabar Yaya zai zo a kwashe kayan ɗakin Umma, na san kuma sai ya sake tambaya.

Taki,
Marainiya daga Gangare, Jos