Wasiƙa daga Manchesta zuwa Unguwar Rogo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya sanyin Jos? Namu ya ninka naku. A Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufa, ni kuwa ina shiga aiki 8 na safe in tashi 8 na dare.

Maganar Inna ce ta hana ni barci. Kin ce tana yawan cigiyar Baba, ku kuma kuna ce mata ai ya rasu, sai ta wuni tana kuka. Don girman Allah, Yaya, ku bari.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wata baiwar Allah mai shekara 91 da gigin tsufa ya kama. Ɗakinta tsaf, magani ba fashi. Amma da la'asar sai ta rataya jaka ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta ɗauko yara daga makaranta. Yaran nan har jikoki sun yi. Farkon zuwana na gaya mata hakan, ranar ko shayi ba ta kurɓa ba. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ce ta nuna mini: in zauna kusa da ita, in tambaye ta sunayen yaran da abin da take dafa musu. Tana cikin labari sai ka ga ta ajiye jakar da kanta.

Haka Inna take. Duk sanda kuka ce Baba ya rasu, a wurinta yau aka yi rasuwar. Ban ce ku yi ƙarya ba. Ku ce, "Inna, ba mu labarin zamanku a Bukur lokacin da yake aikin kuza."

Kuma kada a bar ta a ƙuryar ɗaki. A shimfiɗa mata tabarma a hantsi, a ba ta wake ta tsince, ko da za ku sake tsincewa a bayan idonta. A sa mata lalle. Yawancin tsofaffin nan ba mai taɓa jikinsu sai da safar hannu ta roba. In na cire na riƙe hannun tsohuwar nan, ba ta son saki. Ina taje mata kai ina tuna furfurar Inna, hawaye na zubo mini.

Na turo kuɗin bargo da man zafi. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira ta WhatsApp. Ko ba ta gane ni ba, ki kara mata wayar a kunne.

Ƙanwarki.