Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Binciken Ƙwayar Ɗaukar Hoton Hanji

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Na ji bincikenki ya faɗa kan ƙwayar nan mai kyamara da majiyyaci ke haɗiyewa, ta riƙa turo hotunan ƙaramin hanji ta rediyo. Madalla. Tunda a ɗakin injin gidan rediyo na yi furfura, bari in tofa albarkacin bakina.

Mu iska muka sani, ke kuwa nama za ki ratsa. Nama ruwa ne da gishiri, shanye sigina yake ya mayar da ita zafi. A megahaz 400, zangon siginar da ya kai santimita 75 a iska, da ya shiga tsoka sai ya tsuke ya dawo kusan 10. Kitse bai kai tsoka haɗama ba, amma duk inda sigina ta fita daga tsoka zuwa kitse, ko daga fata zuwa iska, sai wani kaso ya yi baya. Ga ƙwayar ba ta zama wuri guda, hanji na mirgina ta, eriya yanzu gabas, an jima yamma.

Za a zuga ki ki hau gigahaz 2.4, wato megahaz 2,400, don hoto ya fi fitowa. Ki bi a hankali, iya hawan megahaz, iya shan da jiki ke wa sigina. Ba banza ba Amurka ta ware megahaz 402 zuwa 405 a 1999 domin na'urorin da ake dasawa a jiki. Ƙara wuta ma ba mafita ba ne. PillCam, ƙwayar da kamfanin Given Imaging na Isra'ila ya ƙirƙiro, wadda Amurka ta amince da ita a 2001, tsawonta milimita 26 ne, faɗi 11, kuma dole batirinta ya kai awa takwas. Ina wurin sa babba? 'Yan Koriya ta Kudu masu ƙwayar MiroCam ma kauce wa rediyon suka yi, suka mai da jikin kansa wayar da sigina ke bi.

Abin da na fi so ki riƙe, kada lissafin kwamfuta ya ishe ki. Mutumin cikin kwamfuta ba ya numfashi, ba ya juyi a gado. Ki dama ruwa da gishiri da sukari yadda za su kwaikwayi tsoka, ki tsoma eriyarki, ki auna da hannunki. Ki lissafa da siriri, ki lissafa da mai teɓa, don hoton da ya ɓace a hanya wataƙila shi ne na wurin da jini ke zuba.

Mahaifiyarki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki