Jinyar Damuwa Ta Hanyar Tattaunawa: Kira Ga Hukumomin Lafiya Na Jihar Gombe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani nau'in jinya da ya yi mana ƙaranci ƙwarai a jihar Gombe, wato jinyar ciwon damuwa da fargaba ta hanyar zama da mara lafiya a tattauna da shi bisa tsari. Na daɗe ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma na tabbata wannan jinya ba ta fi ƙarfin aljihun jiharmu ba.

Da zarar an ambaci taɓin hankali, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne mutumin da ke yawo a bola cikin tsummokara yana magana shi kaɗai. Irin waɗannan su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan masu fama da larurar ƙwaƙwalwa suna nan tare da mu a kasuwa da ofis da gona da cikin gida, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau" alhali barci ya ƙaurace musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ne ke ɗauke da irin wannan larura, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas, kuma daga cikinsu miliyan 301 fargaba ce ke damunsu, miliyan 280 kuwa ciwon damuwa. A wurinmu ba kasafai mutum ke zuwa asibiti ya ce ransa ne a ɓace ba. Abin da zai ce shi ne kansa na ɗaukar zafi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki, ko gabansa na yawan faɗuwa, ko kasala ta hana shi komai. Sai a rubuta masa maganin maleriya da taifot, wani lokaci a yi masa ƙarin ruwa, ya koma gida, bayan wata guda ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko. Kuɗin da iyali ke zubarwa a wannan kai-da-kawowa tsakanin kemis da ɗakin gwaji ya isa a yi wa mutumin jinyar da ta dace da shi har a sami canji.

Baƙin ciki na yau da kullum daban yake da ciwon damuwa. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko rashin sha'awar abin da a da yake faranta masa, tare da wasu alamu kamar lalacewar barci, canjin cin abinci, kasa tara hankali wuri ɗaya, ganin kansa ba shi da wani amfani, ko tunanin gara mutuwa, har abin ya taɓa aikinsa da zamansa da mutane.

Amsar da muke ba irin wannan mutum sananniya ce: ya yi haƙuri, ya ƙara tawakkali, ya nemi tofi ko rubutu. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma na ga yadda addu'a ke riƙe mutanen da ba don ita ba da sun durƙushe. Inda nake da ja shi ne inda ake ce wa mara lafiya raunin imani ne ya jawo masa, domin wannan magana laifi take ƙara wa wanda dama laifin kansa yake gani. Alƙur'ani ya gaya mana cewa idanun Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma babu mai tuhumar imaninsa. Haka nan wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya kuma ba da shawarar a tanadi kyawawan tunani tun ana lafiya domin a tunkari munana da su idan sun taso. Saboda haka wanda ya ce wannan jinya baƙuwa ce daga Turai bai bi tarihinta da kyau ba.

To, mene ne bambancinta da nasihar da kawu ko gwaggo ko limamin unguwa za su yi? Nasiha magana ce da babba ke yi ƙarami na saurare. A wannan jinya kuwa mara lafiya ne ke yin mafi yawan aikin. Ana zama ne sau ɗaya a mako, kusan awa guda, yawanci tsakanin zama 6 zuwa 20, akwai abin da aka sa gaba, akwai aikin da zai je ya gwada a gida, kuma ana auna ci gabansa da wasu tambayoyi tsayayyu domin a san ko ana tafiya ko an tsaya. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CBT, kuma wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ne ya kafa harsashinta a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunani da ke faɗo musu nan take, su kuma su karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da jarinsa ya karye bayan cire tallafin man fetur a 2023. Kunya ta sa ya daina fita kasuwa, daga nan ya daina zama a majalisa, sannan ya koma yin salla a ɗaki. Duk abin da ya bari yana rage masa wata kafa ta jin daɗi da ganin mutane, ƙuncin ya ƙaru, ƙaruwar ƙuncin kuma ta sa ya ƙara janyewa. Mai jinyar ba zai ce masa ya daina tunani ba, domin babu wanda ya taɓa daina tunani don an umarce shi. Zai tambaye shi ne abin da ke zuwa masa a rai idan ya yi niyyar fita. Idan ya ce kowa dariya yake masa, sai su bi maganar tare: wa ya yi dariyar, yaushe, mutum nawa ne a layinsu jarinsu ya karye a wannan shekarar, shi kuma me ya ce wa maƙwabcinsa lokacin da irin haka ta same shi? Daga nan su tsara ƙaramin abu guda, kamar sallar Magariba a masallacin unguwa kwana uku a makon, ya dawo ya faɗi abin da ya faru a zahiri, a gwada shi da abin da ya yi tsammani. Ba a jira sai sha'awa ta dawo kafin a motsa. Motsin ne ke janyo sha'awar. Mako bayan mako ana ƙara nauyin aikin, har a kai ga zama a lissafa bashin da ke kansa, a ware wanda za a iya neman sassauci a kansa. Wannan jinya ba za ta mayar masa da jari ba, kuma duk wanda ya ce tana maganin talauci ya yi ƙarya, amma tana mayar da shi mutumin da zai iya fita neman jarin.

Mai fargaba kuwa, wadda bugun zuciya da sarƙewar numfashi ke taso mata har ta ɗauka ajali ne ya zo, ana fara tabbatar da lafiyar zuciyarta da jininta da maƙoshinta, sannan a fahimtar da ita yadda tsoro ke sarrafa jiki, a koya mata jan numfashi a hankali, a riƙa kai ta wuraren da take gudu kaɗan-kaɗan har jikinta ya gane babu abin da zai same ta. Mai waswasi, wanda zai maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, ana horar da shi ya yi sau ɗaya ya tsaya, ya jure rashin natsuwar har ta lafa da kanta. Abin sha'awa, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke cewa wanda kokwanto ya zame wa jiki ba ya waiwayar kokwantonsa, don haka a nan likita da malami magana ɗaya suke yi. Akwai kuma waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, irin waɗanda suka tsira daga bama-baman tashar Dukku a 2014 da na babbar kasuwar Gombe a 2015, da 'yan'uwanmu da rikici ya koro daga Borno da Yobe suka zauna tare da mu. Wasunsu har yau ƙarar fashewar taya na mayar da su wancan yini. Su ma akwai tsarin tattaunawa na musamman da ke taimaka musu, sai dai ya fi bukatar hannun ƙwararre.

Ba ina cewa a yar da ƙwayoyi ba ne. Bincike ya nuna cewa a ciwon damuwa mai sauƙi da matsakaici, jinyar tattaunawa tana aiki kusan daidai da ƙwaya, kuma amfaninta ya fi daɗewa bayan an gama, tunda abin da mutum ya koya yana nan tare da shi. Idan ciwon ya yi tsanani, haɗa biyun ya fi. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da shansu watanni bayan an sami sauƙi, abin da da yawa ba a yi musu bayaninsa, sai su watsar a mako na farko su koma sayen diazepam ko tramadol a kemis, su ƙara wa kansu wata cutar. Wanda kuma yake jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko yake maganar kashe kansa, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira zaman mako mai zuwa ba.

Za a ce ina ma'aikatan? Tambaya ce mai kyau, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da Kaduna sun yi wa mutumin Nafada ko Shongom nisa. Amma wasu ƙasashe da ba su fi mu wadata ba sun samo mafita. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, yawancinsu tsofaffin mata, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti har zama shida suna warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kusan 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin waɗanda ba su zauna a bencin ba kusan rabi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da wani tsari na zama biyar, kowanne minti 90, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya, kuma an shirya shi ne musamman domin waɗanda ba likitoci ba. Mu kanmu muna da abin tunawa, tunda tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, tare da danginsu da masu maganin gargajiya.

Jihar Gombe tana da gundumomi 114, kuma gwamnati ta gyara cibiyar lafiya a matakin farko a kowace gunduma. Ginin yana nan, ma'aikatan lafiya na al'umma da ungozomomi suna nan. Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da lafiya a matakin farko shi ne a zaɓi mutum biyu a kowace cibiya, namiji da mace, a horar da su wannan aiki, a kuma ɗora likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe su riƙa bibiyar aikinsu ko da ta waya ce, domin horon da babu bibiya a bayansa ba ya wuce takardar shaida da kuɗin zama. A sa darasin cikin karatun ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Kaltungo, a kuma sanya zaman tattaunawa cikin abubuwan da shirin inshorar lafiya na jiha, wato GoHealth, ke biya. Ranar awo wuri ne mai kyau na farawa, saboda damuwar da ke kama mata lokacin goyon ciki da bayan haihuwa tana da yawa, kuma tana shafar jaririn. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta riga ta buɗe wannan ƙofa. Limamai da fastoci da malaman Islamiyya da shugabannin zumuntar mata su ma a kira su a nuna musu alamun, tunda wurinsu ake fara zuwa, domin su ci gaba da addu'a su kuma ce wa mutum ya je asibiti.

Abin da na fi jin tsoro ya rusa shirin shi ne rashin riƙon sirri. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma matar da ke fama da kishiya ko uwar miji ba za ta buɗe baki a ɗakin da labule ne kawai tsakaninta da masu jiran layi ba, balle idan ma'aikaciyar 'yar unguwarsu ce da za su haɗu a gidan suna. Saboda haka sai an ware ɗaki mai ƙofa, ba tare da an liƙa masa allon da zai tona asirin mai shiga ba. Sai an bar mutum ya zaɓi cibiyar da ba ta unguwarsu ba idan ya so, ya kuma yi magana da harshen da ya fi sakewa da shi, Hausa ne ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, ba tare da an kira wani ɗan'uwansa ya yi tafinta ba. Ma'aikacin da aka kama ya fitar da maganar mara lafiya kuma a hukunta shi hukuncin da sauran za su ji labari, domin a gari irin Bajoga ko Billiri magana ɗaya ce za ta fita, daga ranar babu mai sake shiga ɗakin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Ma'aikacin jinya mai ritaya,
Unguwar Bolari, Gombe.