Amsa ga ɗan'uwana na Ningi kan madatsar Kafin Zaki

Assalamu alaikum ɗan'uwana,

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ka yi mini tambaya a gaban jama'a, lokaci kuma ya ƙure ban amsa yadda ya kamata ba. Cewa ka yi: Kano ta samu madatsar Tiga, ta samu ta Challawa, manoman Kura da Kadawa suna noma rani da damina, to don me da zarar an ambaci Kafin Zaki sai mu malaman gona mu taso da maganar muhalli? Ko ba ma son Bauchi ta ci gaba ne?

Tambayarka tana kan hanya, kuma na san inda take yi maka ciwo. Tun zamanin Shagari aka fara aikin nan a kan kogin Bunga, aka tsayar da shi a 1984, har yau ana ta alkawari. Ba na adawa da madatsar. Abin da nake tsoro shi ne a gina ta yadda aka gina na baya, kuma Tiga ɗin da ka kawo misali da ita, ita ce hujjata.

An kammala Tiga a 1974, Challawa a 1992, dukansu a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kafin nan kogin Haɗeja yana da lokutansa: ya cika da damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ya ja da baya da rani har gindinsa ya bushe. A kan wannan cika da janyewa jama'a suka gina rayuwarsu. Ana shuka shinkafa ruwa na tasowa, masunta su kama kifi, idan ya janye a shuka wake da masakwa a danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa. Da aka datse kogin, ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwan da ba ya gudu da ƙarfi kuma ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a bayanta, ruwan ya karkata ya mamaye gonakin wasu, ya bar na wasu a bushe. Tsuntsun jan-baki ya samu mafaka a cikinta, yana fitowa yana cinye gero da shinkafa. Ka je wajen Guri ko Kirikasamma ka tambayi kowane dattijo, zai nuna maka inda gonar mahaifinsa take a ƙarƙashin kacala. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu kogin Jama'are, wanda Bunga ke zuba a cikinsa, shi ne babban kogin da ya rage a wannan yanki ba a datse shi ba. Ambaliyarsa ce ke riƙe da fadamun Katagum, ita ce ke kai ruwa Gashuwa da Gaidam, ta bi Komadugu Yobe ta gefen Diffa a Nijar zuwa tafkin Chadi. Shi ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna nuna damuwa. Ka lura kuma, waɗanda za su fara ji a jikinsu ’yan Bauchi ne irinka, mutanen Jama'are da Zaki.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce sana'ata, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a taron manya. Madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Duk yashi da lakar da ruwan sama ya kwaso daga gonaki da kwazazzabai, a cikin tafkin suke kwanciya. Idan aka ci gaba da sare dazukan da ke saman kogin ana yin gawayi, ana noma har bakin gaɓa, tafkin zai riƙa cikewa a hankali, manomin sama ya rasa ƙasarsa mai albarka, na ƙasa ya rasa ruwa. Maganin ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne idan aka kwatanta shi da kuɗin siminti: a bar tazara tsakanin gona da gaɓa, a dasa jema da gamba a bakin rafuka, a yi kunya a gicciye maimakon bin gangare, a jera duwatsu a bakin kwazazzabo tun yana ƙarami. Manoman Maradi sun dawo da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma. Amma wannan aiki ne na shekaru, dole a fara shi kafin a ɗora tubalin farko, a kuma ware masa kuɗinsa a cikin kasafin madatsar. A filin noman rani ma, in ba a haƙa magudanan fitar da ruwa ba, kanwa za ta taso ta kashe gonar.

Akwai kuma mutanen da ruwa zai ci garuruwansu. A madatsar Bakolori da ke jihar Zamfara ta yanzu, a watan Afrilun 1980, manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu harsashi suka tarar, aka rasa rayuka. Ba na fatan mutanen Ningi su ga irin wannan rana.

Don haka idan wakilanku suka zo da maganar Kafin Zaki, ka tambaye su rahoton nazarin tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, ka nemi a karanta shi da Hausa a gaban masu gari. Ka nemi a rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki da damina domin fadama, da wanda zai riƙe makullin ƙofofin, a kuma zaunar da mutanen Jigawa da Yobe da Borno a kan teburin. A biya diyya kafin a tashi kowa, a fitar da burtali da mashaya. Ranar da na ga waɗannan a rubuce da sa hannu, zan koma gidan rediyon nan in goyi bayan aikin da bakina.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, malamin gona daga ƙasar Haɗeja