Face da fuska ba tagwaye ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, ina kuma roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wata kalmar Turanci mai harufa huɗu, wato "face", wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, rediyo na gefena, sai na ji mai karanta labarai ya ce wata ƙasa tana janye sojojinta sannu a hankali "don ta ceci fuskarta". Jikana da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya ɗago kai ya ce, "Kaka, me ya sami fuskar tata?" Yaron yana da gaskiya, domin a kunnen Bahaushe wanda ake ceton fuskarsa wuta ce ta kama shi ko wani ciwo. Abin da ke gaban mai fassarar shi ne "save face", kuma Hausarsa tana nan a bakin kowa: don ta tsira da mutuncinta. Ya ga face, ya tuna an ce masa fuska ce tun yana firamare, ya ɗora ya wuce.

Na yi shekara 31 ina koyar da Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, kuma da wannan kalma nake fara gane irin tushen da yaro ya zo da shi. Wahalarta tana farawa tun daga karatu. Mu ma muna da face a Hausa, da harufa iri ɗaya, wadda muke faɗa kullum idan muka ce babu abin bauta wa da gaskiya face Allah. Yaron da ya iya karatun Hausa da kyau, idan ya ga ta Turancin a allo, fa-ce zai karanta, kuma bai yi laifi ba, ƙa'idar da aka koya masa ya bi. Sai an zauna an nuna masa cewa a Turanci harafin c idan e ta biyo shi yana komawa s, ita kuma e ta ƙarshe ba a furta ta, aikinta ta ja wasalin da ke gabanta, kalmar ta fito kamar feis. Bayan wannan ga rikicin f da p da ke bakin yawancinmu, har yaro ya kasa raba ta da "pace", wadda ke nufin taku ko saurin tafiya. Nakan sa su ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa su hura iska, mu yi ta yi har a tashi.

Su kansu Turawan Ingila aro suka yi. Bayan Normawa sun ci ƙasarsu a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomi da yawa suka kwararo, face ta shigo tare da su wajen ƙarni na 13. Asalinta Latin ne, "facies", wato siffa ko kamannin abu. Wannan asalin ne ya sa Bature ke kiran gaban agogo face, yana kiran kowane ɗaya daga ɓangarori shida na ɗan ludo face, kuma daga nan "surface" ta fito, wato saman abu. Haka Facebook, da aka kafa a jami'ar Harvard a 2004, ya samo sunansa daga kundin hotunan ɗalibai da wasu jami'o'in Amurka ke rabawa don a san juna.

Akwai inda kalmomin biyu suka yi daidai kamar an gwada. Mai fuska biyu a wurinmu shi ne "two-faced" a wurinsu. Idan aka mai da ita aikatau, fuskanta tana ɗaukar nauyin: gida ya fuskanci gabas, mai salla ya fuskanci alƙibla, manomi yana fuskantar fari. Ina ganin wannan dacewar ce ke yaudarar mutane, su ɗauka ko'ina haka abin yake.

Ba haka yake ba. Ɗauki "long face". Idan Bahaushe ya ce yarinya tana da doguwar fuska, yabo yake yi, sau da yawa ma zai haɗa da dogon hanci. Bature kuwa ɓacin rai yake nufi, abin da mu za mu ce ta murtuke fuska ko ta haɗe rai. "Face the music" babu ganga babu kalangu a cikinta, mutum ne zai ɗanɗana kuɗarsa. "Face value" kuma na taɓa ganin an rubuta ta darajar fuska a wata takarda, alhali adadin da aka buga a jikin kuɗi ake nufi. Duk wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san ma'anarta a jikinsa: takarda an rubuta mata 1,000, amma sai ka biya fiye da haka a wurin mai POS kafin ta shigo hannunka. Idan kuma aka ce kada ka ɗauki magana "at face value", ana ce maka ne kada ka haɗiye ta yadda aka ba ka, ka bincika.

Ita ma "save face" da ta ja ni rubuta wannan wasiƙa ba gadon Ingila ba ce. Turawan da suka zauna a ƙasar Sin a ƙarni na 19 su ne suka ɗauko "lose face" daga Sinanci kalma da kalma, daga baya aka ƙera mata kishiya. To in mun ce gwamnati ta rasa fuska, mun ɗauko aron aro ke nan, alhali muna da ta ji kunya, mutuncinta ya zube, asirinta ya tonu, kowace da wurin da ta fi zama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma na daɗe ina nuna wa ɗalibai, shi ne wurare da yawa da Bature ya sa fuska, mu ido muke sawa. Shi ya ce "face to face", mu mun ce ido da ido, ko gaba da gaba. Shi ya gaya wa mutum magana "to his face", mu mun gaya masa a tsabar idonsa. Kunyar ido muke ji, don ganin ido ake wani aikin. Yanzu fuska da fuska ta cika kafofin labarai, har yara sun ɗauka ita ce ta asali. Ban ce ba a gane ta ba, amma mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa faɗin haka ba, kuma ina jin ciwon ganin ido da ido tana ja da baya.

Ta ɗaya ɓangaren ma ɓarnar tana nan. Wata shekara na ba 'yan aji biyar rubutun insha'i kan ranar da ransu ya fi ɓaci. Wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa yayansa "ate my face" a gaban abokansa. Cin fuska yake nufi. Na kira shi gefe, ban ja masa jan biro ba, domin tunaninsa daidai ne, kwale-kwalen da ya hau ne bai kai shi gaci ba. Na gaya masa Bature zai ce an wulaƙanta shi ne kawai, da kalmar da ba ta da alaƙa da fuska ko kaɗan. Daga nan muka jera a allo abin da fuskarmu ke yi wanda tasu ba ta yi. Muna sakin fuska ga baƙo, har muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Muna ɗaure fuska. Budurwa tana hana saurayi fuska, yaro yana ganin fuska ya roƙi abu a wurin babansa. Muna duban magana ta wata fuska. Labarin zuciya kuma a tambayi fuska. Ajin ya yi tsit, domin ba su taɓa lura cewa harshensu yana da wannan dukiya ba, sun saba jin cewa Turanci ne mai zurfi.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Ga malamai 'yan'uwana, a daina ba yara jerin kalmomi, wannan gefe Turanci wancan gefe Hausa, a ce su haddace. A ba su kalmar cikin jimla, a nuna musu inda ta yi daidai da tamu da inda suka raba hanya. Ga masu fassara a jaridu da gidajen rediyo kuma, na san aikinku na gaggawa ne, labari yana shigowa minti kaɗan kafin a karanta. Duk da haka idan kun ci karo da face, ku tsaya ku tambayi kanku yadda dattijo a bakin kasuwa zai faɗi wannan magana. Ku ne makarantar miliyoyin mutanen da ba su shiga aji ba, abin da kuka faɗa yau shi yara za su maimaita gobe. Da jaridarka za ta ware ɗan gurbi duk mako don irin waɗannan kalmomi, ni mai aiko da abin da na tara ne, domin bayan face akwai "hand" da "heart" da "head", kowace da nata rikicin.

Jikan nawa dai na ba shi amsa a daren, na kuma sa shi ya rubuto mini jimla biyar da fuska, biyar da ido. Ya kawo tara, ya ce ta goman zai tambayo kakarsa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin Turanci,
Zariya